Kayan Farauta Masu Ɓoye Wari: Da Gaske Suna Hana Barewa Gano Maharbi?

Da zarar Satumba ta raba tsakiya a Amurka, lokacin farautar barewa da kwari da baka ya buɗe a jihohi irin su Minnesota da Wisconsin, shagunan kayan farauta kuma su cika da riguna da wanduna da aka ce suna ɓoye warin ɗan Adam. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin maharba suka fi yi min, ciki har da 'yan uwa Hausawa mazauna can da suka soma sha'awar shiga daji. Na jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

1. Wace barewa ake magana a kai?

Ba barewarmu ta Sahel ba ce. Dabbar da aka fi farauta a gabashi da tsakiyar Amurka da kudancin Kanada ita ce barewa mai farar wutsiya. Namijinta yana da ƙaho mai rassa da yake zubarwa duk shekara ya sake fitar da sabo, abin da barewarmu da gada da mazo ba sa yi. Mun ara mata sunan barewa ne don shi ya fi kusa. Dabba ce ta bakin daji da gefen gonaki, tana fita kiwo da asuba da kuma dab da magariba, kuma hancinta ne babban abin da take tsare ranta da shi.

2. Mene ne kaya masu ɓoye wari, kuma yaya aka ce suna aiki?

Iri uku ne aka fi sayarwa. Na farko, wanda ya fi shahara, shi ne mai gawayi. Ana ɗaukar gawayin da aka sarrafa, galibi na ɓawon kwakwa, a manna garinsa tsakanin yadi biyu. Irin wannan gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, har giram ɗaya yakan ƙunshi fili sama da murabba'in mita 500 a cikinsa. Ƙwayoyin wari da suka biyo iska sai su maƙale a bangon ramukan. Da shi ake tace ruwan sha, da shi ake yin takunkumin kare hayaƙi mai guba, don haka gawayin kansa ba abin shakka ba ne. Kamfanin ScentLok na garin Muskegon a jihar Michigan ne ya yaɗa irin wannan sutura tun farkon shekarun 1990.

Na biyu shi ne yadin da aka haɗa da azurfa ko wani sinadari mai hana ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa. Wannan ba ya tsotse wari, yana rage masu haddasa shi ne (duba tambaya ta 5). Na uku kuma yana amfani da wani ma'adini mai ramuka da ake kira ziyolait, wanda aikinsa ya yi kama da na gawayi. Wasu kamfanoni sukan haɗa biyu ko uku a riga ɗaya.

3. A taƙaice, suna aiki ko ba sa aiki?

Suna rage wari, ba sa kawar da shi. Idan iska ta kwashi warinka ta kai shi hancin barewar da ke kusa, za ta ji ka, ko nawa ka kashe a kan rigar. Amfanin kayan yana bayyana ne a gefe-gefe: lokacin da barewa take nesa, ko iska ta ɗan karkata na ɗan lokaci, ko ta ratsa hanyar da ka bi sa'o'i da suka wuce. A irin wannan hali ƙarancin wari yana iya ba ka daƙiƙoƙin da kake bukata. Abin da nake tsoro game da kayan nan shi ne su sa mutum ya daina kula da iska, kuma na ga hakan ya faru ga mutane da yawa, ni ma ya faru da ni (tambaya ta 10).

4. Hancin barewa ya kai yadda ake zuzuta shi?

Ya kai. Dogon hancinta a ciki naɗe yake da siraran ƙasusuwa masu lanƙwasa, lulluɓe da fata mai jin wari da ta ninka ta ɗan Adam nesa ba kusa ba, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwarta da ke fassara wari babba ne. Idan ka zuba mata ido za ka ga tana yawan lasar hancinta. Laimar ce ke kama ƙwayoyin wari, shi ya sa ranar da iska take da danshi ta fi ranar bushewa haɗari ga maharbi. A saman bakinta akwai wata gaɓa ta daban, wadda namiji yake amfani da ita lokacin barbara a watan Nuwamba: ya ɗanɗani fitsarin mace, ya ɗaga leɓensa na sama, ya gane ko ta shirya.

Abin da ya fi ƙarfin hancin muhimmanci shi ne iya rarrabewa. Kai idan ka shiga gida ana girki ka ce ana miyar kuka. Mai irin wannan hancin yana jin kukar daban, daddawar daban, man daban. Rayuwar barewa gaba ɗaya a kan wari take: akwai gaɓoɓin wari a tsakanin kofatonta, da cikin ƙafafunta na baya, da goshinta, kuma da su suke sanin wanda ya wuce da lokacin da ya wuce.

5. Daga ina warin mutum yake fitowa? Ba gumi ba ne kawai?

Gumi sabo kusan ba shi da wari. Bakteriyar da ke zaune a fata, musamman a hammata da matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa, ita ce ke cin abin da ke cikin gumi da maiƙon jiki ta fitar da warin da muka sani. Ban da wannan, fata tana zubar da ƙananan ɓarɓashi ba dare ba rana, su bi iska, su sauka a kan ganye da ciyawa. Sai gashin kai, sai tafin hannu da ka dafa reshe da shi.

Sannan ga numfashi, wanda shi ne babbar ƙofar da riga ba ta iya rufewa. Mutumin da ke zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kowane numfashi ɗauke da ɗumi da danshi da warin baki da na ciki. Akwai takunkumin fuska mai gawayi, yana ragewa, amma iskar da ka fitar dole ta sami mafita ta gefe. Haka wuyan riga da bakin hannu da ƙugun wando: duk motsin da ka yi, rigar tana hura iskar jikinka waje kamar zugazugin maƙeri.

6. An taɓa gwada kayan nan a kimiyyance?

An gwada. Wanda aka fi ambata shi ne binciken John Shivik, masanin namun daji, da aka buga a 2002 a mujallar ƙungiyar masana namun daji ta Amurka. Ya sa mutane su ɓuya a fili, wasu sanye da kaya masu gawayi, wasu da kaya na yau da kullum, sannan aka saki karnukan da aka horar da neman mutane. Karnukan sun gano kusan kowa, kuma lokacin da suka ɗauka kafin su gano masu kayan gawayi bai bambanta sosai da na sauran ba. Abin da ya yi tasiri a kan aikin karnukan shi ne yanayi, musamman yadda iska take juyawa.

A ɗakin gwaji kuwa labarin ya bambanta. Idan aka yanki ƙyallen yadin aka hura masa iska mai wari, yana kama mafi yawansa (akwai alƙaluma a tambaya ta 8). Sakamakon biyu ba su ci karo ba. Ƙyalle a cikin kwalba abu ɗaya ne, mutum mai numfashi da gumi a saman bishiya tsawon awa huɗu wani abu ne.

7. Amma ai kare ba barewa ba ne. Gwajin kare ya isa hujja?

Ƙorafi ne mai ma'ana. An horar da karen ne ya bi ko da ɗigon warin mutum har ya kai gare shi, yana samun lada a kan hakan. Barewa kuwa ba neman ka take yi ba, tana auna haɗari ne. A gonakin Wisconsin kullum tana jin warin manomi da na masu yawo da karnuka, da za ta gudu duk lokacin da ta ji ɗan warin mutum da ba ta ci abinci ba. Abin da take son sani shi ne: mutumin yana kusa ko nesa, yanzu ne ko jiya.

Don haka gwajin kare ya tabbatar da abu ɗaya tak, wato warin yana fita daga cikin kayan. Bai nuna yadda barewa take yi da ragaggen wari ba. A nan ne masu kare kayan suke da 'yar ƙafar tsayawa, kuma a nan ne amfanin da na ambata a tambaya ta 3 yake.

8. Na ji an kai wani kamfani kotu a kan wannan. Me ya faru?

A 2007 wasu maharba a Minnesota suka shigar da ƙarar kamfanin ALS Enterprises, mai yin ScentLok, tare da manyan shagunan da ke sayar da kayan a lokacin, irin su Cabela's da Gander Mountain. Ƙorafinsu shi ne tallan ya ce kayan suna kawar da wari, alhali ba sa kawarwa. A watan Mayun 2010 alƙali Richard Kyle na kotun tarayya ya ba su gaskiya a wannan gaɓa: ya ce kalmar kawarwa tana nufin babu saura, kuma shaidu sun nuna akwai saura. Ya kuma ce ba gaskiya ba ne a ce na'urar busar da kaya ta gida tana mayar da gawayin sabo fil. Ya hana a ci gaba da irin wannan talla.

A watan Agustan 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hani. A ganinta alƙalin farko ya ɗaure kalmar da ma'ana ɗaya tak ta ƙamus, ba tare da duba yadda mai saye yake fahimtarta ba. Cikin shaidun da kamfanin ya gabatar akwai gwajin da ya nuna yadinsa yana tare kashi 96 zuwa 99 cikin 100 na sinadaran wari, yayin da yadin da ba shi da gawayi yake tare kashi 5 zuwa 55.

Kowane ɓangare yakan ɗauki rabin labarin nan ya yi ta yawo da shi. Ni abin da na ɗauka shi ne babu wanda ya tsaya a gaban kotu ya nuna cewa kayan suna sa mutum ya zama marar wari, kuma babu wanda ya nuna ba sa yin komai. Kashi ɗaya cikin ɗari na warin mutum, ga hancin da aka bayyana a tambaya ta 4, ba ƙaramin abu ba ne.

9. Da gaske ne na'urar busar da kaya tana sabunta gawayin?

Tana ɗan taimakawa. Ramukan gawayi suna cika, kuma ba da warinka kaɗai ba: hayaƙin mota, ƙamshin girki, warin shagon da rigar ta yi wata da watanni a rataye, har da danshin iska, duk suna cin gurbi. Zafi yana korar wasu daga cikin ƙwayoyin da ba su kama da ƙarfi ba. Sai dai a masana'anta, idan za a sabunta gawayi sosai, ana gasa shi ne a zafin da ya haura digiri 700 a ma'aunin Celsius, na'urar gida kuwa da ƙyar take wuce digiri 70. Kowace shekara rigar tana rage ƙarfi, wanki ma yana zubar da wani abu daga garin gawayin. Idan ka saya, ka ajiye ta a cikin jaka ko akwatin roba mai rufuwa ruf, kada ka sa ta sai ka sauka daga mota a bakin daji.

10. To me ya sa wasu maharba suke rantsuwa cewa barewa ta bi ta inda iska ke kai warinsu ba ta ji su ba?

Ba ƙarya suke yi ba, abin yana faruwa. Sai dai dalilan suna da yawa. Wanda ke saman bishiya, mita 5 ko 6 daga ƙasa, sau da yawa warinsa yana wucewa ne ta saman kan dabbar da ke kusa ya je ya sauka can nesa. Ƙaramar barewa 'yar shekara ɗaya ba ta da wayon tsohuwa. Namiji a tsakiyar barbara hankalinsa yana kan mace. Sannan wanda ya kashe ɗaruruwan daloli a kan riga yawanci shi ne mai yin wanka kafin fita, mai ajiye kaya a rufe, mai kula da takalminsa, sai a jingina wa rigar ladan duk waɗannan. Ga kuma abin da ba a ƙirgawa: barewar da ta ji ka daga mita 200 ta juya a hankali, ba ka taɓa ganinta ba balle ka san ta zo.

Shekarata ta biyu da fara farauta da baka na sayi cikakken kayan gawayi, har da hula da takunkumi. Wata safiya a ƙarshen Oktoba na duba na ga iska tana kaɗawa daga wurin zamana zuwa kurmin da barewa suke kwanciya. Da a da ne da na sauya wuri, amma ranar na ce ai ina da riga. Wajen ƙarfe takwas wata tsohuwar mace ta fito da 'ya'ya biyu a bayanta. Tana kaiwa kamar mita 60 ta tsaya cak. Ta ɗaga hanci sama, ta lashe shi, ta juya kai hagu da dama. Ta ɗaga ƙafar gaba ta buga ƙasa sau ɗaya, ta jira, ta sake bugawa. Ko ƙifta ido ban yi ba. Sai ta yi wani huci mai ƙarfi da ya cika dajin, ta ɗaga farar wutsiyarta, 'ya'yan suka rufa mata baya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kusan mako biyu ban sake ganin komai da rana a wurin nan ba.

11. Yaya ake karanta iska?

Ƙa'idar ita ce iska ta taso daga inda kake sa ran dabba ta bugi fuskarka, ko ta ratsa ta gefe, warinka ya tafi inda barewa ba ta bi: tafki, ko fili fetal, ko gangaren dutse. Hasashen yanayi a waya yana gaya maka inda babbar iska take fitowa, amma a cikin itatuwa da kwazazzabai iska tana karyewa ta yi juyi kamar ruwa a bayan dutse. Dole ka gwada a wurin da kake zaune. Ana sayar da 'yar kwalbar hoda da ake matsawa. Wanda ya fi ta shi ne audugar wata ciyawa mai farin ƙaro da ke fitowa a gefen hanyoyi a can, mai kama da audugar tumfafiya, don kuwa danginta ce. Ka saki sili ɗaya ka bi shi da ido, zai nuna maka inda warinka yake zuwa har mita 30 ko fiye, kuma sau da yawa za ka sha mamakin kwanar da zai yi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Baffana maharbi ne, ina yaro nakan riƙe masa gora. Yana da 'yar jakar toka a ɗaure a kwarinsa. Kafin ya tunkari gada sai ya kaɗa ta da yatsa ya dubi inda ƙurar ta nufa. Wani lokaci muna cikin sanɗa sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Tsaya, ɗana, iska ta juya,” mu koma baya mu yi doguwar kewaya.

Saboda haka gogaggun maharba ba sa dogara da wurin dako ɗaya. Sukan shirya uku ko huɗu tun kafin lokaci ya buɗe, wannan na iskar arewa, wancan na iskar kudu maso yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

12. Ranar da babu iska ko kaɗan fa?

Ita ce mafi wahala, don iska ba ta taɓa tsayawa da gaske. Da safe idan rana ta fara ɗumama ƙasa, iska tana hawa sama ta bi tudu. Da yamma idan ƙasa ta huce, iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a kwari kamar ruwa. A ƙasa mai tuddai, irin yammacin Wisconsin a gefen kogin Mississippi, wannan hawa da sauka yana iya rinjayar iskar da waya ta faɗa. Don haka da hantsi a zauna sama da hanyar barewa, da yamma a zauna ƙasa da ita. Kafin fitowar rana kuwa iskar tana nan tana gangara tukuna, kada ka ruɗu da cewa safiya ce.

Iska mai matsakaicin ƙarfi da ta miƙe waje ɗaya ta fi rashin iska sauƙi. Idan ta yi tsit, warinka yana taruwa a gindin bishiyar ya bazu ko'ina. A irin wannan rana ce kayan rage wari suke ɗan nuna amfaninsu.

13. Na'urar ozon ta fi rigar gawayi?

Hanyarta daban ce. Ozon iska ce mai ƙwayoyin oksijin uku, tana farfasa sinadaran wari tana kashe bakteriya. Wasu suna sa kaya a jakar ozon kafin fita, wasu suna rataya na'urar, irin ta kamfanin Ozonics, a saman kansu a bishiya. Ga kaya a rufaffiyar jaka tana aiki. A fili kuwa sai ozon ɗin ya haɗu da warin na ɗan lokaci kafin ya farfasa shi, iska kuma ba ta jira.

Ka kiyaye abu biyu. Ozon yana cutar da huhu, hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kan kunna irin waɗannan na'urori inda mutane suke zaune, don haka ban da cikin mota kana ciki, ban da rufaffiyar bukka, musamman ga mai asma. Sannan yana cin roba. Kada ka sa ɗamarar da kake ɗaure kanka da ita a bishiya a cikin jakar ozon, don faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata maharban barewa.

14. Idan na rufe warina da wani wari, kamar na ƙasa ko hayaƙi ko fitsarin dabba?

Ka tuna misalin miya a tambaya ta 4. Barewa za ta ji warin ƙasar, ta ji naka a gefensa. Turara kaya da hayaƙin itace tsohuwar dabara ce, kuma tana da ɗan tushe, don hayaƙi yana hana bakteriya yaɗuwa, shi ya sa ake ƙyafe nama da kifi. A yankin da ake ɗumama gidaje da itace, ƙaurin hayaƙi ba baƙo ba ne ga barewa. Amma shi ma ba ya hana numfashinka fita.

Fitsarin barewa da ake sayarwa a kwalba ba don ɓoye wari ba ne, don jawo namiji ne. Ka duba dokar jiharka kafin ka saya. Virginia da Vermont na cikin waɗanda suka hana amfani da na ainihi saboda cutar nan mai ramar da barewa ta lalata mata ƙwaƙwalwa, wadda aka fara ganowa a Colorado a 1967.

15. Wanka da wanki da abinci suna da tasiri?

Sun fi rigar tasiri idan aka dubi abin da ake kashewa. Ka yi wanka da sabulu marar ƙamshi dab da fita, ka goge jiki da tawul da ba a wanke da omo mai ƙamshi ba. Ka wanke kayan da sabulu marar ƙamshi ko bekin soda, ka shanya a waje. Kada ka sha mai a mota sanye da kayan ko takalmin farauta. Ka tafi wurin dako a hankali da 'yar riga marar nauyi, ka sa ta sanyi bayan ka isa, don wanda ya isa jiƙe da gumi ya riga ya ɓata wankansa.

Mu Hausawa muna da ƙarin aiki a nan. Gidajenmu gidajen turare ne: turaren wuta ya kama labule da kujeru da kujerar mota, humra ta kama duk abin da ya kwana a ɗaki, ga soye-soye da yaji. Ni kayan farautata ba sa shiga cikin gida sam, suna gareji a akwatin roba. Ranar Juma'a idan zan fita da yamma, nakan sake wanka bayan dawowa daga masallaci. Game da abinci, tafarnuwa da ɗanyar albasa suna fita a numfashi da gumi har washegari, taba kuwa ba sai an faɗa ba.

16. Takalmi fa? Me ya sa ake nacewa a kan na roba?

Domin kana barin wari a ƙasa duk inda ka taka, kuma yana nan bayan ka koma gida. Barewa da ta ratsa sawunka da daddare ta san an shigo mata. Dogon takalmin roba, a cusa ƙafar wando a ciki, ba ya fitar da warin ƙafa kamar na fata ko na yadi, muddin ba ka taka gidan mai da shi ba. Sabo yana da warin roba, a bar shi a waje ya sha iska na wasu makonni.

Hanyar da ka bi ta fi takalmin muhimmanci. Kada ka tsallaka turbar barewa idan akwai yadda za ka yi, kada ka dafa rassa da hannu tsirara, kuma ka lura da inda iska ke kai warinka yayin tafiyar, ba sai ka zauna ba. Bin ƙorama ko rami yana ɓoye mutum daga ido da hanci a lokaci guda.

17. Launin kaya yana da muhimmanci kamar wari?

Bai kai ba. Barewa tana ganin shuɗi sosai, amma ja da ruwan lemu ba sa fitowa mata kamar yadda suke fitowa gare mu. Shi ya sa dokar yawancin jihohi ta wajabta rigar ruwan lemu mai haske lokacin farauta da bindiga: mutum ya gan ka, dabba ba ta damu ba. A guji shuɗin wando, a guji omo mai ƙara wa kaya haske. Abin da idonta ya ƙware a kai shi ne motsi, kuma tana gani kusan ta kowane gefe ban da bayanta.

Ido yana yaudaruwa. Maharbanmu na da suna ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna kwaikwayon tafiyar tsuntsun har su kusanci dabba. Amma mai burtu ma ta inda iska ba za ta tona shi ba yake tunkara.

18. Mai bindiga ma yana bukatar damuwa da duk wannan?

Ba kamar mai baka ba. Mai baka yana jiran dabba ta shigo mita 20 zuwa 30, sannan ya ja tsirkiya tana tsaye a gabansa. Mai bindiga yana iya harbi daga mita 100 ko fiye, kuma a kwanaki tara na farautar bindiga a Wisconsin, a ƙarshen Nuwamba, daji cike yake da mutane, barewa suna gudu daga wannan su faɗa wa wancan. Gare shi kula da iska da tsabtar jiki sun wadatar.

19. Kuɗina kaɗan ne. Me zan fara saya?

Ɗamarar tsaro idan za ka hau bishiya, ita ce farko. Sai kayan sanyi masu ɗumi da ba sa ƙara idan ka motsa, don wanda sanyi ya dama ba ya iya zama shiru. Sai takalmin roba, sabulu marar ƙamshi, akwatin ajiya da abin gwada iska, waɗanda gaba ɗayansu ba su kai kuɗin riga ɗaya mai gawayi ba. Idan akwai saura, wurin zama na biyu don wata iskar ya fi maka riga. Rigar ciki ta ulu ko mai azurfa tana da amfani ga mai kwana biyu ko uku a daji ba wanka. Kayan gawayi su zo a ƙarshe, kuma idan ka same su da rangwame bayan lokaci ya rufe a Janairu, babu laifi.

20. Barewa ta ji ni ta yi huci ta gudu. In tashi ko in ci gaba da zama?

Ka fara sakin audugarka ka ga me ya faru. Idan iska ce ta yi juyi na ɗan lokaci ta koma daidai, zauna. Huci ɗaya ba ya korar dajin duka, musamman a makonnin barbara da maza suke yawo daga nesa, ba su ma ji abin da ya faru ba. Idan kuwa iskar ta sauya gaba ɗaya tana kai warinka makwancinsu, sauka ka tafi ko da awa ɗaya ka yi, ka fita ta hanyar da ba za ta ƙara tona ka ba. Ka bar wurin ya huta kwanaki, kada ka koma sai da iskar da ta dace da shi. Idan tsohuwar mace ce ta gan ka a saman bishiyar bayan ta ji ka, za ta riƙa ɗaga kai ta dubi wannan bishiyar duk lokacin da ta zo wucewa, don haka ka matsar da wurin zaman ko da mita 40 ne.